Darasin Kasaru da Jam'i a Hanyar Natitingu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwana ɗalibai, babin sallar matafiyi na haddace shi tun bara a cikin Risala, amma ban gane shi ba sai da na jiƙe a hanya. A hutun watan Agusta na raka kawuna Natitingu. Mun bar Malanbil bayan asuba, muka wuce gonakin auduga na Kandi da tuddan Bembereke, muka isa Paraku rana ta yi zawali, sama tarwai.

Mas'ala ta farko: kasaru. Asalinta yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. A mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga wanda zai yi tafiyar halal ta baridi 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Ana farawa bayan an fita daga gidajen gari. Azahar da la'asar da isha'i su koma raka'a biyu, asuba da magariba ba a taɓa su. Wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 sai ya cika.

Mas'ala ta biyu: jam'i, kuma a nan na yi kuskure. Idan zawali ya samu matafiyi a sauke, kuma ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, an yi masa rangwame ya haɗa azahar da la'asar kafin ya tashi. A tashar Paraku kawu ya ce mini: "Ɗana, mu gama su nan, direban ga ba shi tsayawa, kuma damana ce." Ni kuwa na dubi sama na ce ai za mu isa da rana. Ya haɗa nasa, ni na yi azahar kaɗai.

Mota ba ta cika da wuri ba. Muna wuce Jugu sai ga hadari baƙi ƙirin. Ruwa ya tsuge, ya ɗauke, rana ta leƙo a kan duwatsun Atakora sun yi kore shar, can kuma hazo ya rufe su. Kowa yana tasbihi, ni gabana faɗuwa yake, don rana ta fara ja ban yi la'asar ba. Da ƙyar direba ya tsaya mini a bakin wani tafki.

Mas'ala ta uku: ruwan tafkin ja wur yake, har na yi niyyar taimama. Kawu ya ce: "Wa ya ba ka taimama ga ruwa gabanka?" Gaskiyarsa. Ruwan da ƙasar mazauninsa ta canza masa launi yana nan mai tsarkakewa, kamar dai ruwan Kwara da muke alwala da shi da damina. Na yi alwala, na yi raka'a biyu a kan wani falalen dutse, yayyafi yana dukana, fasinja suna jira.

Abin da na ɗauka: rangwamen shari'a rahama ne, karɓarsa ba ragwanci ba ne. Mai tafiya da damina ya lissafa lokutan sallarsa tun yana tasha, kuma ya ji maganar wanda ya san hanya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Allah ne mafi sani.