HUKUNCIN KEƁE ƊA ƊAYA DA KYAUTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, sau da yawa idan an zauna rabon gado sai ɗaya daga cikin magada ya ce gonar gabas ba ta cikin gado, Baba ya ba shi ita tun yana da rai. Daga nan husuma ta tashi, ɗaki ya ware da ɗaki, har a kai gaban alƙali. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana hukuncin wannan mas'ala.

Asalinta hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ne, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito. Mahaifinsa ya yi masa kyauta, sai uwarsa Amratu ƴar Rawaha ta ce ba ta yarda ba sai an sa Manzon Allah (S.A.W.) shaida. Da suka je, Annabi ya tambayi Bashiru ko ya ba sauran ƴaƴansa irin wannan. Ya ce a'a. Sai ya umurce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin ƴaƴansa, ya ƙi zama shaida, ya kira abin zalunci. Bashiru ya koma ya karɓe kyautar.

Imamu Ahmad ya fahimci haramci daga wannan hadisi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ambata cikin Risala cewa makaruhi ne mutum ya ba wani ɗansa dukiyarsa duka, amma wani yanki nata ya halatta. Sai dai ku sani, alƙali yana hukunci da zahiri ne, Allah kuwa yana duban niyya. Wanda ya yi kyauta don ya hana ƴaƴa mata rabonsu, ko don ya ƙuntata wa ƴaƴan matar da ya saka, yana da tambaya gobe ƙiyama.

Kyauta tana cika ne idan an yi ta cikin ƙoshin lafiya, kuma wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, abin da malamai ke kira hauzi. Idan uba ya ce ya bayar da gona amma ya ci gaba da nomanta har ya rasu, gonar ta koma gado. Cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya ba ƴarsa Nana A'isha dabino wusƙi 20 daga dukiyarsa ta Gaba. Ba ta girbe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya shaida mata cewa yanzu dukiyar magada ce, ta raba da ƴan'uwanta. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran.

Idan ɗan ƙarami ne, uba yana iya riƙe masa bayan ya kafa shaidu, ban da gidan da shi uban yake zaune ciki. Uba kuma yana iya karɓe kyautarsa matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi saboda ita ba, bai kuma sauya ta ba. Wannan ƙofar gyara ce ga wanda ya riga ya fifita.

Malamai sun yi rangwame idan akwai dalili bayyananne, kamar ɗa makaho, ko mai ciwo, ko wanda neman ilimi ya hana sana'a. Mai irin wannan uzuri ya tara ƴaƴansa, maza da mata, ya gaya musu dalilinsa, ya kira liman da mai gari su shaida. Idan gona ce ko fili, a rubuta: dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye da ake kira Kofo, masu ba da takardar shaidar kyauta.

Ya kai uba, kamar yadda kake son su duka su yi maka biyayya, su roƙa maka gafara bayan ranka, to daidaita su a kyautarka.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya haɗa kawunansu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.