Zaƙami A Gonar Auduga

Ya ku manoman auduga na Salaga da Yendi da Bawku, ku lura da zaƙami, wanda waɗansu ke kira haukata-yaro. Yakan tsiro a bakin gona da kan juji. Furensa kamar kakaki yake, 'ya'yansa kuma da ƙaya.

Ina dafinsa yake? Saiwa ce ke haɗa shi, sa'an nan ya hau ta kara zuwa ganye da fure da ƙwaya. Likitoci na kiran dafin atirofin da sikofolamin. Ko'ina a jikinsa akwai dafi, amma ƙwaya da fure da ganye sun fi kara ƙarfi. Shanya ba ta kashe shi, dafuwa ma haka.

In kun bar shi ya zuba ƙwaya bana, baɗi zai tsiro cikin masara ko waken soya da kuka shuka bayan auduga, ya shiga sussuka. A ƙasar Uganda a 2019, ƙwayarsa ta gauraya da garin kunu, mutum 5 suka mutu.

Ga abin yi:

1. Ku tumɓuke shi da saiwarsa tun noman farko, kafin ya yi fure.
2. Ku wanke hannu, kada ku taɓa ido.
3. Kada ya shiga harawar dabbobi.
4. In yaro ya ci, bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, yana sambatu, ku garzaya da shi asibiti.

Rigakafi ya fi magani.