Abin Dubawa Kafin A Sauya Babban Allon Kwamfuta

A Head Bridge da ke Anaca, inda fatake daga Arewa ke sauke kaya a bakin gadar kogin Kwara, 'yan kasuwa da dama sun mayar da lissafin bashi da na lodi cikin kwamfuta. Da yawa daga injunan na hannu ne, ƙirar Dell ko HP, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Idan wuta ta zo da ƙarfi, ko janareta ya yi tangarɗa, akan yi asarar babban allon da dukkan sassan injin ke haɗe a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod.

Sai dai ba kowace kwamfutar da ta ƙi tashi ce allonta ya ƙone ba. Wajibi ne mai gyara ya fara gwada akwatin da ke raba wuta a cikin injin, domin in shi ne ya lalata tsohon allo, zai iya lalata sabon.

In an tabbatar allon ne, to ƙwaƙwalwar injin, wato furosesa, ita za ta zaɓi wanda za a saya, domin kowace tana da gurbinta. Gurbin Intel mai lamba LGA 1155 na 2011 da LGA 1150 na 2013 kusan girmansu ɗaya, amma ƙwaƙwalwar wannan ba ta aiki a wancan. Inda aka fi yin kuskure shi ne LGA 1151 na 2015. An yi shi don zubi na 6 da na 7. Ƙwaƙwalwar zubi na 8 da na 9 za ta zauna a cikinsa daram, amma injin ba zai tashi ba sai a kan allo mai jerin lamba 300. A nan ido ba mudu ba ne. Lambar da aka rubuta a saman ƙwaƙwalwar za a karanta.

Haka ram. DDR3 na da haƙora 240, DDR4 kuwa 288, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya tura da ƙarfi zai karya gurbin.

Injunan ofis na Dell da HP suna da tasu matsalar. Allon gama-gari yana karɓar wuta ta soket mai haƙora 24, amma yawancin OptiPlex na baya-bayan nan 8 ko 6 gare su, kuma ramukan kusoshi da wayar makunni ba lalle su dace da allon wani kamfani ba. Mafi sauƙi shi ne a nemi allo mai lamba ɗaya da tsohon. Ko a Emeka Offor Plaza ta Anaca za a saya, ko a Computer Village ta Ikeja, gara a tafi da tsohon allon, a ɗora sassan, a ga injin ya tashi sannan a biya.

Har ila yau akwai batun bayanan ciniki. Suna cikin faifan ajiya, kuma mutuwar allo ba ta shafe su. Amma idan an kulle faifan da BitLocker, mabuɗin yana haɗe da tsohon allo, kuma Windows za ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Wanda bai adana ta a takarda ko a asusunsa na Microsoft ba, littafin bashinsa ya kullu ke nan. Lasin ɗin Windows ma yakan bi allo, don haka ana iya neman a sake tabbatar da shi.

Wani lokaci gyaran bai cancanci kuɗinsa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Mai injin LGA 1155 ko 1150 zai yi kyau ya tambayi farashin cikakken inji na hannu mai zubi na 8, ya kwatanta da kuɗin allo da ladan mai gyara, sannan ya sa a kwashe masa bayanan tsohon faifai.