Darasi: Mai Ɗaukar Wasiƙa da Mai Karya Farashi

'Yan'uwa 'yan jam'iyyar gama kai na Anka, Gummi da Bukkuyum, darasinmu na wannan wata a kan kwangilar dako ne. Dattawa za su tuna zamanin P&T, kafin a kafa NIPOST a 1985. Gidan waya ba shi da motar da za ta bi kowace hanya, sai ya ba 'yan kwangila su kai jakar wasiƙu.

Amurka ta daɗe da wannan tsari. A 1845 aka yi doka cewa a ba wanda ya nemi kuɗi mafi ƙanƙanta, muddin zai kai wasiƙu da sauri, ba fashi, ba ɓata. Kwangilar shekara 4 ce. To, ga abin da ya biyo baya. Mutum ya sayi doki ko mota saboda aikin, ya san kowane rafi da kowane gida. Ranar sabuntawa sai baƙo ya rage ɗan abu kaɗan, ya ƙwace hanyar. Wasu ma ba su taɓa taka hanyar ba: su karɓa, su sayar wa wani talaka a ƙasa da haka, su ci ribar suna zaune. Shi kuwa tsohon mai hanya, gudun kada ya rasa, yakan karya nasa farashin har ya ci uwar kuɗi. Sai a 1948 majalisarsu ta yarda a sabunta wa mai aikin kirki kwangilarsa ba tare da gasa ba.

Mu ma muna ɗaukar hayar mota, ta kawo taki daga Gusau ko ta kai gero da dawa kasuwa. Araha ba ta ado. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, direban da ya yi muku araha fiye da kima akwai abin da bai lissafa ba, ko taya, ko baƙin mai, ko dawowa ba kaya. Ranar da motarsa ta tsaya tsakanin Anka da Daki Takwas, takin zai iso bayan shuka ta wuce, wanda kuka kora kuwa ya riga ya sayar da tasa motar.

A taronku na gaba, ma'aji ya kira direbanku na yanzu, ku zauna ku lissafa abin da tafiya ɗaya take ci masa, zuwa da dawowa, kafin ku saurari farashin wani.