Yadda Ake Fara Kiwon Awaki a Ƙasar Danchadi

Akuyar da ta fi dacewa da sabon mai kiwo a Danchadi da ƙauyukan Boɗinga da Shagari ita ce jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Ta saba da zafin bazara, tana yawan haifar tagwaye, kuma fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Mata biyu ko uku sun isa farawa. Ba dole ba ne a sayi bunsuru tun farko, tunda ba a rasa na aro a maƙwabta.

Aikin farko shi ne tanadin abinci, tun kafin a je kasuwa. Damina a wannan yanki daga Yuni zuwa Satumba take, sauran watannin shekara kuwa dabba da abin da aka ajiye mata take rayuwa. Saboda haka da kaka ake tara harawar wake da ta gyaɗa, lokacin da suke da araha, a ɗaure su dami-dami a ɗora kan rumfa, a rufe da zana don kada rana ta cinye ganyen. A haɗa da kowar wake da dusar gero, sannan a sa yara su tsinto 'ya'yan gawo idan sun fara zubowa da rani. Mafi yawan masu karyar da dabbobinsu a watan Afrilu da Mayu rashin wannan tanadi ne yake kai su, don a lokacin harawa ta yi tsada, dabba kuma ta rame. Yawan harawar da ke kan rumfa shi ya kamata ya yanke yawan awakin da za a saya.

Sai wurin kwana. Akuya ba ta son laima ko kaɗan, don haka a zaɓi wuri mai ɗan tudu, a kafa rumfa, a kare gefen da iskar hunturu ke bugowa. Kowace da turkenta, da tazarar da igiyoyi ba za su sarƙe ba. A ɗaga mazubin abinci daga ƙasa, domin akuya ba ta cin abin da ta taka. Kashin da ake sharewa kullum a tara shi wuri guda, takin gona ne mai kyau.

Wajen saye ake son nutsuwa. Ko a kasuwar ƙauye ko a Kara ta cikin Sakkwato, gara a tafi da wanda ya san dabba, kada a dogara da bakin dillali kaɗai. A dubi hanci, kada a ga majina. A ɗaga wutsiya, kada a ga alamar zawo. A ja fatar ido ta ƙasa: idan cikinta ja ne, da jini a jiki, idan ya yi fari fat, tsutsa ta ci dabbar. A shafa hantsa a ji ko akwai ƙullutu. Haƙora kuma su ne ke faɗin shekaru. Wadda ta fitar da manyan haƙora biyu a gaba ta haura shekara guda, kuma ita ce daidai saye. Wadda ta cika takwas har sun fara sauka ta ba shekara huɗu baya. Idan an kawo sabuwar akuya gida a keɓe ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da wasu, saboda cutar kasuwa ba ta nuna kanta ranar farko.

Ciyarwa safe da yamma ce: harawa ko ɗanyar ciyawa, da ɗan dusa da aka dama da ruwa, a barbaɗa gishiri ko kanwa kaɗan. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, musamman da bazara. Abubuwa uku ne ke kashe akuya mai lafiya: hatsi da yawa a lokaci guda, wanda ke kumbura ciki, gyauron dawa mai sabon toho, wanda ke da guba, da leda, wadda ke taruwa a tumbi, dabba tana ci tana ramewa har sai mahauci ya gano dalili. Da shuka ta fito kuma a ɗaure awaki, a riƙa yanko musu ciyawa, don ɓarnar gona tana ɓata zumunci tana kuma jawo biyan diyya.

Cutar da ta fi yi wa garke ɓarna ita ce wadda likitoci ke kira PPR: zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar, ana kuma yi wa dabba tun tana wata uku zuwa huɗu. Maganin tsutsar ciki ana ba da shi farkon damina da ƙarshenta. Masu kiwo kusa da fadama ko madatsar ruwa ta Shagari su ƙara lura da ciwon hanta. Awon magani aikin malamin dabbobi ne, idan kuma abin ya gagara akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kada a bari a barbari akuya kafin ta kai wata takwas zuwa goma, ko da ta nuna tana so, domin cikin wuri yana tsumburar da ita. Idan ba ta ɗauka ba, takan sake nema bayan kimanin kwana 21. Ciki wata biyar ne, wajen kwana 150, kuma a makonni shida na ƙarshe ake ƙara mata dusa. Da ta haihu a bar ta ta lashe ɗanta, a shafa aidin a cibiya, a tabbata ya sha dakashi a cikin sa'o'in farko. Ana yaye a wata uku. Mai samun abinci sosai tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu.

'Ya'ya mata ake riƙewa don garke ya ƙaru. Mazan a fiɗiye su su zama taure, a sayar gab da Sallah ko lokacin da hidimar suna da biki ta yi yawa. Bunsurun barbara kuwa a riƙa sauya shi, kada ya hau 'ya'yansa. Wanda ya ga damina da rani guda da awakinsa lafiya yana iya gwada turka ragon Uda ko Balami wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah, muddin akwai rarar harawa da dusa da za ta kai shi ranar kasuwa.