Darasi: Mu Tsara Aiki Kafin Mu Buɗe Akwati

'Yan uwana mata, a wata ƙungiya da nake zagayawa, an taɓa cirar kuɗi daga akwati aka sayi raguna uku don a turke su, a sayar da Babbar Sallah. Kowacce ta ce, "Ai za mu kula da su." Da dusa ta ƙare, kowa ta zaci wata ce za ta sayo. Ko maganin tsutsar ciki ba a ba su ba. Ranar kasuwa, da ƙyar uwar kuɗi ta dawo. Matan nan ba malalata ba ne, tsari ne babu.

Ga yadda nake so mu riƙa yi:

1. Mu fara da ranar ƙarshe, mu ƙirgo baya. Ranar 10 ga Zulhajji ake layya, rago kuma yana son kamar wata uku a turke. Ke nan farkon azumi ya kamata a sayo shi. In aka bari sai Ƙaramar Sallah, kwana 70 kawai suka rage.

2. Mu gutsuttsura aikin: gyaran turke, tanadin harawa da dusa da kanwa, sayen rago, kiran malamin dabbobi, ba da ruwa da abinci kullum, kai wa kasuwa.

3. Mu duba wane aiki ke jiran wani. Abinci ake fara tanada kafin rago ya shigo gida, kuma harawa ta fi araha da kaka. Da sanyin safiya ake kama fara.

4. Kowane aiki a sa masa sunan mace ɗaya, da rana, da kuɗinsa. Ko da maigida ko yaro za a aika kasuwa, mai sunan ce za ta kawo lissafi.

5. A taron kowane mako, bayan zubi, marubuciya ta tambaya: an yi? In ba a yi ba, me ya hana? Mai uzuri ta faɗa da wuri, a ba wata.

Aikinmu na yau: ku zaɓi sana'a ɗaya da kuke son yi tare. Ku zana ayyukanta a ƙasa, kowacce ta aza tsakuwa kan nata. Aikin da ya rage babu tsakuwa, kar a tashi taro sai an sama masa mai shi.