Kafin ka nemi kwangilar gwamnati, duba takardunka

Injiniya ko akanta ko mai zanen gine-gine da ke son yi wa gwamnatin tarayya aiki, ya sani cewa dokar sayen kayayyaki da ayyuka ta 2007 ce ke mulki a nan, kuma hukumar BPP ce ke sa ido a kanta.

Ƙwarewarka ba za ta yi magana ba sai takardunka sun cika. Kwamitin tantancewa yakan fara da rajistar CAC, da shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da takardun PenCom, ITF da NSITF, da rajistarka a rumbun bayanan BPP. Sai lasisin sana'a: COREN ga injiniya, ARCON ga mai zane, ICAN ko ANAN ga akanta.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne wa'adi. Yawancin takardun nan 31 ga Disamba suke ƙarewa, amma sai an ga talla a jarida ake rugawa a sabunta su, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Takarda ɗaya da ta mutu ta isa a ture ambulan neman kwangilarka gefe.

Kuma don Allah kada ka ari sunan ƙwararren da bai san ka sa shi ba, ana bincikawa. Fara sabunta takardunka tun watan Janairu.